Zaman Fasto Ishaya a Cikinmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ɗana Almu. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa ka sauka lafiya, ya tsare ka a masaukinka da wurin aikinka, ya haɗa ka da mutanen kirki. Innarka tana gaishe ka, ƙannenka ma haka. Mu nan Isa muna lafiya, gwargwadon yadda lafiya take a wanga zamani.

Ba labarin gida za ni ba ka ba, wannan kana jin shi a waya. Abin da ya zaunar da ni rubutu shi ne maganar da ka yi a gareji kafin ka tafi. Ka ce asibitin da aka tura ka a ƙasar Filato shina cikin garin da kusan kowa Kirista ne, masallaci guda ne, shi ma na mahauta da direbobi. Ka faɗe ta kana dariya, amma na ga fuskarka. Ban amsa ba don akwai mutane. Ni ban taɓa zama a garin da addinina ba shi ne na mutanen gari ba, saboda haka ba ni da abin da za ni gaya maka daga kaina. Amma na zauna shekaru masu yawa da mutumin da ya yi irin wanga zama a cikinmu, ya kuma yi shi da kyau. Fasto Ishaya nake nufi. Kai ka san shi a matsayin mai itacen gwaibar da kuke tsinka kuna yara, kuma shekarun da abubuwa suka yi tsanani kana Sakkwato wurin karatu. Za ni gaya maka abin da na gani da idona.

Mutumin ƙasar Zuru ne. An turo shi Isa tun ba a haife ka ba, shi da matarsa Saratu, ya riƙe 'yar cocin nan ta bayan tasha. Mabiyansa ba su da yawa, malaman makaranta ne da 'yan sanda da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa daga Kudu. Kusan duk baƙi ne, yau suna nan, gobe an canza masu wurin aiki. Ni kuwa lokacin ban daɗe da buɗe garejin gyaran babur ba, rumfa guda ce da benci da akwatin kayan aiki.

Ranar da na fara ganinsa, babur ya turo, sarƙa ta tsinke. Na duƙa ke nan na fara kwancewa sai aka kira la'asar. Na ɗan yi jim, don sabon mai kawo gyara ne, ban son ya ga na bar shi. Sai ya ce, "Malam Garba, je ka yi salla. Babur ɗin da ba shi da sarƙa ba inda za shi." Ban gaya masa sunana ba, ya riga ya tambaya a tasha. Da na dawo na iske shi zaune a benci, ya tsare mani rumfa, har ya lallashi wani da ya kawo faci ya jira ni. Daga baya na lura ya san lokutan sallarmu kamar yadda muka san su. Bai taɓa zuwa gidan mutum ana shirin Juma'a ba. In azumi ya kama, ba ka ganinsa da ko goro a baki a kan hanya. Ba wanda ya roƙe shi wannan.

To Almu, ka fara da nan. Ka koyi lokutan mutanen da ka je cikinsu. Safiyar Lahadi tasu ce, kada ka sa masu aiki ko hayaniya a cikinta in kana da yadda za ka yi. In abokin aikinka ya nemi ka riƙe masa aiki ranar Kirsimeti, ka riƙe da sakin fuska. Mai yiwuwa shi ma ya riƙe maka ranar Salla. In bai riƙe ba, ba ka yi asara ba.

Babur ɗin Fasto ya fi kowane babur zuwa garejina. Yau an lanƙwasa ƙafar gaba, jibi kulochi ya ƙone, wani mako ya zo da laka har cikin inji. Da farko na ɗauka bai iya tuƙi ba ne. Sai sannu a hankali na gane abin da ke faruwa. Kafin ya yi karatun fasto ya taɓa aiki a ɗakin shan magani na mishan a ƙasarsu. Ya iya wanke ciwo da ɗauri, ya san abin da za a yi wa wanda maciji ya sara kafin a kai shi asibiti, kuma ya san inda iyawarsa ta tsaya, ba ya wuce nan. Mutanen ƙauyukan wajen Turba suka gane haka, suka riƙa aiko masa. Shi kuwa ba ya cewa a'a.

Wata rana da damina na tafi duba gonata, sai na hango shi tafe a ƙasa cikin fadama, ya naɗe wando har gwiwa, takalma a hannu. Na tsaya na ce, "Fasto, ina babur?"

Ya ce, "Shina asibiti. Wata mata ce naƙuda ta yi wa tsanani, mijinta ya kai ta."

Na ce, "Kai da babur ɗinka, mi ya hana ka ɗauko ta da kanka? Rabin waɗanga mutane ba su iya tuƙi ba, su ne ke kashe maka inji."

Ya ce, "Matar mutum ce, Malam Garba. In ni na goyo ta za ta kai asibiti, amma mijin zai daɗe shina jin maganganu a majalisa. In shi ya kai ta, shi ne ya ceci matarsa. Ni ƙafafuna lafiyarsu lau."

Haka yake yi. In namiji ne maras lafiya, ya goyo shi. In mace ce, ya miƙa makulli ga miji ko ɗan'uwa, shi ya biyo baya a ƙasa. Na daɗe ina ganin wannan rashin sanin darajar abin hannu ne, har na sha gaya masa. Sai da na riƙa jin yadda mazan ƙauyukan nan ke maganarsa, ba mai sunkuyar da kai, ba mai jin an fi shi, sannan na fahimci abin da yake tsarewa.

Aikinka na jinya zai sa ka ga mutane a halin da ba su son kowa ya gan su. Za ka ga dattijo ya kasa riƙe fitsari, za ka ga mace tana kuka da sunan uwarta. Magani kaɗai bai isa ba. Ka yi masu aiki yadda in sun warke kuka haɗu a kasuwa za su iya kallon idonka su gaishe ka. Ka ja labule. Ka tambayi mace ko tana son a kira mata mace. Abin da ka gani a ɗakin jinya kada ya bi ka zuwa wurin hira.

Ba kowa ya yarda da shi ba, kada ka ɗauka haka. An yi ta cewa duk wanga alheri tarko ne, so yake ya ja mutane cikin addininsa. Maganar ta yi yawa har limamin unguwarmu, Malam Hassan, ya ce shi zai tambaye shi da bakinsa. A rumfata suka haɗu, ina zaune da ƙafar babur a gabana. Liman ba mai kwana-kwana ba ne. Bayan gaisuwa ya ce, "Fasto, mutane suna cewa don ka mai da su Kirista kake ɗaukar marasa lafiyarsu. Haka ne?"

Na zaci zai rantse ya ce sam. Sai ya ce, "Liman, in na ce maka ban son mutane su bi abin da nake bi, na yi maka ƙarya. Fasto ne ni, na gaskata da shi, kamar yadda kai ma za ka so in yi salla. Amma mutumin da ke kwance a bayan babur ɗina, ko wanda yunwa ta kawo gidana, ba ni yi masa wa'azi, don ba shi da bakin ce mani a'a. Wanda ya zo da ƙafarsa, da lafiyarsa, ya tambaye ni, za ni gaya masa. Ka sa ido, in ka ga na saɓa wannan ka zo ka faɗa mani a gaban mutane."

Liman ya ce, "To, za ni sa ido." Ya kuwa sa. Shekaru suka wuce bai sami abin faɗa ba, har suka zama masu zama a benci guda suna gardama kan Annabi Isa, kowa ya tashi da abinsa, gobe su dawo.

Kai ma za a tambaye ka. Kada ka ɓoye addininka don a so ka, kada ka ji kunyar shimfiɗa abin salla a inda aka ba ka wuri. Amma kada ka haɗa allura da wa'azi. Wanda ke hannunka ba shi da ƙarfin musu, kuma abin da aka karɓa don tsoro ko don kunya ba ya zama.

Shekarar da amai da gudawa ya shigo gari kana rarrafe. Mutane sun yi ta faɗuwa, har masu haƙa kabari suka gaza, wasu suka kwanta, wasu tsoro ya hana su fita. Fasto da Saratu suna bin gidaje da ruwan gishiri da sukari. Da ya ji ana neman masu haƙa, sai ya ɗauki diga da shebur ya tafi maƙabarta. Kakarka Hajjo, uwar innarka, a wagga annoba ta rasu. Da muka isa da ita muka iske an kusa gama haƙa kabari, shi ne a ciki, ƙasa har gashin kansa. Da ya ga makara ta iso sai ya fito, ya ajiye shebur, ya koma can gindin wani itacen bedi ya tsaya, hula a hannu. Bai matso ba har muka yi salla muka rufe. Da muka juyo ya zo ya yi mani gaisuwa, ya koma ya fara haƙa na gaba.

In an yi masu mutuwa ka je. Ka ɗauki kujeru, ka ɗebo ruwa, ka zauna da su. Inda ibadarsu ta fara, ka tsaya a gefe da ladabi, ba wanda zai ga laifinka. Abin da ba a mantawa shi ne an duba ba a gan ka ba.

Ba za ni ce maka ba shi da aibi ba. Mutum ne mai taurin kai. Mabiyansa suna ƙorafin wa'azinsa ba ya ƙarewa. Kuma gidansa ya sha wahalar alherinsa. Sau da yawa Saratu ta dafa abinci ya kwashe ya ba baƙi, 'ya'yansa su kwana da kunu. Babbar ɗiyarsa Rahila ta taɓa gaya wa innarka cewa ubansu na kowa ne ban da su. Na gaya masa wagga magana, ya ce gaskiya ta faɗa, amma ban ga ya canza sosai ba. A nan kada ka bi shi. In Allah ya ba ka iyali, su ma mutane ne masu haƙƙi a kanka, kuma su ba su da wani wurin kai ƙara.

Sai shekarun 'yan bindiga suka zo. Wannan ka sani, ko da kana nesa. Ƙauyuka suka watse, mutanen wajen Tsamaye da na bakin daji suka riƙa kwararowa Isa da tabarmi da tukwane a kai. Makarantar firamare ta cika. Fasto ya buɗe ƙofar coci. Mata masu jego da tsofaffi ya sa cikin ginin, sauran suka kafa bukkokin buhu a fili. Ranar Lahadi shi da 'yan mabiyan da suka rage suka koma yin ibadarsu gindin itace a bayan gida. Ya share wani gefe na filin ya zuba yashi, ya ce in zo in nuna masa alƙibla, ya jera duwatsu. Wasu daga cikin mabiyansa ba su ji daɗi ba. Wani dattijonsu ya ce masa ɗakin Allah ya zama wurin shanya tsumman jarirai. Ya amsa masa cewa bai ga abin da ya fi wannan dacewa da ɗakin ba.

A lokacin yawancin baƙin gari sun tafi. Manyansa na coci suka aiko ya koma Sakkwato. Ni kaina na ce masa ya tafi. Na ce, "Fasto, mu nan aka haife mu, ba mu da inda za mu. Kai kana da ƙasarku. Saratu ga hawan jini." Ya ce, "In na tafi, wa zai riƙe makullin? Za a rufe wurin, matan nan su koma tasha. Bari su sami inda za su, sannan in duba." Har yau ban san ko shawarata ce daidai ko tasa ba, don Saratu ta jigata ƙwarai a waɗannan shekaru.

Cikin waɗanda suka fake a filin akwai wani Bafillace mai suna Dikko, da tsohuwar uwarsa da matarsa da ƙananan yara. Shi ma an kore masa shanu, ko akuya bai tsira da ita ba. Amma ka san yadda zukata suka koma a lokacin, ganin Bafillace kaɗai ya isa a fara zargi. Sai aka kashe wani manomi a gonarsa, yayan Nomau, shugaban samarin da ke gadin gari. Magana ta bazu cewa an ga Dikko shina waya a bayan gari a ranar, shi ke kai wa 'yan bindiga labari.

Da hantsi ina gareji sai ga Saratu a guje, ko mayafi babu. Ta ce, "Malam Garba, ka taho, za su kashe mutum a gidanmu. Ya ce in kira ka, in kira Liman." Na ce ta wuce gidan Liman, ni na nufi cocin.

Na iske samari cike da bakin ƙofa, da sanduna da adduna, wasu da bindigogin mafarauta. Dikko shina ciki, Fasto ya rufe ƙofar langalanga ta bayansa, ya tsaya a waje shi kaɗai. Daga ciki ana jin kukan mata. Nomau shina gaba, idanunsa jajur.

Ya ce, "Baba Fasto, ba mu da magana da kai. Ka kauce."

Fasto ya ce, "Kuna da magana da ni, tunda gidana kuka zo."

"Wanga mutum shi ya sa aka kashe yayana."

"Na san yayanka, Nomau. Mutuwarsa ta taɓa ni. Ban ce maku Dikko ba shi da laifi ba, ban sani ba. Kai ma ba ka sani ba, ji ka yi. Mu kai shi gaban hakimi da hukuma, ni za ni riƙe hannunsa har can, in ya gudu ku kama ni. Amma ba za ni buɗe ƙofa in miƙa maku mutum ku kashe shi gaban uwarsa ba."

Wani daga baya ya jefa masa kalmar da ba za ni rubuta ba. Aka fara turereniya. Ban ga wanda ya ɗaga sanda ba, na dai ga Fasto ya kare kansa da hannun dama, na kuma ji ƙarar ƙashi. Ya sulale ya zauna, bayansa jingine da ƙofar, ya rungume hannun. Bai yi ihu ba, bai kuma matsa daga wurin ba. Samarin suka ɗan ja da baya. Na ratsa na tsaya kusa da shi.

Sai ga Liman Hassan da sandarsa, shina tafe a hankali don tsufa ya kama shi. Suka buɗa masa hanya. Bai yi wa kowa magana ba sai da ya zauna a ƙasa, kafaɗa da kafaɗa da Fasto. Sannan ya ɗaga kai ya riƙa kiran samarin ɗaya ɗaya da sunayen iyayensu. Da ya zo kan Nomau ya ce, "Ni na yi wa yayanka salla shekaranjiya. Kada ka sa in yi wa wani yau ta dalilinka." Nomau ya juya baya, ya dafe kai, kuka ya ƙwace masa. Na baya suka fara zamewa. Muna nan zaune har dogaran hakimi da 'yan sanda suka iso.

Fasto bai yarda a kai shi wurin ɗori ba sai da ya cika alkawari. Ya riƙe Dikko da hannun hagu, muka taka har gidan hakimi, gumi na zuba daga fuskarsa don zafin ciwo. An tsare Dikko, an bincika, ba a sami abin kama shi da shi ba. Da aka sake shi ya kwashi iyalinsa ya tsallaka Nijar. Har yau akwai masu cewa da hannunsa. Ni ban sani ba. 'Yan sanda sun matsa wa Fasto ya faɗi wanda ya buge shi, ya ce yaro ne cikin ɓacin rai, ba shi da ƙara. Bayan 'yan watanni Nomau ma aka kashe shi a daji. Fasto ya je zaman makoki da hannu a rataye, ya zauna da ubansa har aka watse.

Almu, ni uba ne, ban ce ka je ka tsaya gaban sanda ba. Ina son ka dawo mani da hannuwanka biyu. Amma wata rana za a kawo maka wanda gari duka ke ƙi, ɓarawon da aka daka, ko wanda aka ce shi ya tada fitina, jini na zuba, mutane a bakin ƙofa suna cewa a bar shi. Ba aikinka ne ka san ko mai laifi ne ba. Ka ɗinke shi, ka kira hukuma. Kuma ka lura da abu guda: a ranar nan Fasto ya sami wanda zai aika a kira, kuma an zo. Wannan ba a ranar ya same shi ba. Tun kana da lafiya, tun gari na zaune, ka san dattawan wurin, su san ka.

Hannun bai koma daidai ba. Ya warke a karkace, ba ya iya riƙe kan babur. Ya ci gaba da zama har 'yan gudun hijirar suka ragu, wasu suka koma, wasu suka sami 'yan'uwa. Sannan ciwon Saratu ya yi tsanani, ya yarda ya ajiye aiki su koma Zuru. Ranar tafiyarsu tasha ta cika, har da mutanen ƙauye da suka taho a ƙasa, wasu da kaji, wata tsohuwa da ƙwaryar man shanu. Liman ya sa aka kawo shi a babur. Da mota ta kusa tashi Fasto ya jawo ni gefe ya ce, "Wanda za a turo bayana yaro ne, kuma na ji shina tsoro. Kada ku jira ya zo gaishe ku. Ku fara zuwa." Mun je, ni da Liman, tun bai gama kwance kaya ba. Ya ga rawani a bakin ƙofa ya firgita, sai da muka zauna muka sha ruwansa hankalinsa ya kwanta.

Da ka tafi na kira Fasto a waya na gaya masa inda aka tura ka. Muryarsa ta tsufa, amma dariyar tana nan. Ya ce can akwai sanyi, ka nemi rigar sanyi mai kauri, kada ka yi wasa da ƙirjinka. Ya ce za su sa ka cikin addu'a shi da Saratu, na ce mun gode, mu ma muna yi masu fatan alheri. Sannan ya ce, "Ka gaya wa Almu, in ya huta ya nemi faston garin ya gaishe shi. Ya ce shi ɗan abokin Ishaya ne na Isa. Ba zai san ni ba, amma zai ba shi kujera."

To ka je, ɗana. Ka yi wanka, ka sa rigarka mai kyau, ka je da rana tsaka kowa na gani.

Allah ya kiyaye ka daga sharrin hanya da sharrin mutum, ya sa hannunka ya zama sanadin sauƙi ga duk wanda ka taɓa. Ya tsare maka sallarka, ya ba ka haƙuri da baƙunci, ya zaunar da ƙasarsu da tamu lafiya. Allah ya dawo mana da kai muna raye. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Garba mai gyaran babur, Isa.